Wasa Tsohon Zarto da Mayar da Shi Bakin Aiki

Zarton hannu irin na kafintoci, wato faffaɗan ruwan ƙarfe mai jeren haƙora a gefe guda da mariƙin itace a gindinsa, yana daga cikin kayan aikin da aka ƙera tun asali da niyyar a riƙa wasa su muddin ran mai su, domin maƙeransa sun san haƙoran za su dakushe da aiki, amma ruwan zai jure wasawa sau da yawa kafin ya sirance ya ƙare. Wannan lacca ta shafi yadda ake ɗauko irin wannan zarto bayan ya shekara a yashe, tsatsa ta ci shi, mariƙinsa yana girgiɗi, a mayar da shi bakin aiki. Abin da za ta fi tsayawa a kai shi ne cewa daidaiton haƙora wajen tsayi da tazara da buɗi yana gaba da kaifinsu, domin zarto mai haƙora kusan ɗari biyu wanda ashirin kaɗai suke taɓa katako ba zai yi yankan kirki ba ko da kowannensu ya kai aska kaifi, kuma da yawa daga cikin zartunan da aka fid da rai da su ba tsufa ne ya kashe su ba, wasawar gaggawa ce wadda aka yi ta maimaitawa ba tare da an daidaita haƙoran ba.

Dalilin da ya sa tsohon zarto yake wasuwa yana cikin ƙarfensa. Ruwan zarto na ƙarfe ne mai ɗauke da sinadarin kabon, wanda aka taurara da wuta sannan aka sassauta taurin da gangan, har ya tsaya a kusan 50 a ma'aunin Rokwel, wato ma'aunin da masana ƙarfe suke auna tauri da shi, alhali magagari ya haura 60. Wannan tazara ce take ba magagari damar cin haƙorin zarto, take kuma ba haƙorin damar lanƙwasuwa kaɗan ba tare da ya karye ba. Samun irin wannan ƙarfe mai tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe ya sauƙaƙa ne bayan Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka shi a cikin tukwanen yumɓu a yankin Shafil na Ingila wajen shekarun 1740, kuma garin ya zama cibiyar ƙera zarto, inda kamfanoni irin su Spear & Jackson, wanda yake danganta asalinsa da shekarar 1760, da kuma Tyzack suka yi suna. A Amurka kuwa Henry Disston, wanda aka haifa a Ingila a 1819, ya kafa masana'antarsa a birnin Filadelfiya a 1840, ya fara narka ƙarfen kansa a 1855, kuma zartonsa mai lamba D-8, mai ɗan lanƙwasa a baya domin rage nauyi, wanda ya fito a shekarun 1870, har yau yana cikin waɗanda masu gyaran tsofaffin kaya suka fi nema, ko da yake kamfanin ya fita daga hannun iyalinsa tun 1955.

A rabi na biyu na ƙarni na 20 ne wani nau'in ya mamaye kasuwa, wato zarto mai taurararrun haƙora, wanda ake gasa bakinsa kaɗai da wutar lantarki har taurinsa ya kamo na magagari. Ana gane shi da launin baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi da ke bin layin haƙoran, galibi kuma mariƙinsa na roba ne. Yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe magagari sulɓewa zai yi a kansa, haƙorin kuma karyewa zai yi in aka nemi lanƙwasa shi, saboda haka duk abin da zai biyo baya bai shafe shi ba. A ƙasar Hausa, inda sassaƙa ta gargajiya da gatari da gizago ake yin ta, kuma zarto ya yaɗu ne tare da sana'ar kafinta a zamanin Turawa, nau'o'in biyu suna nan a hannun ma'aikata a wurare irin su kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano da kasuwar Katako ta Yamai, kuma rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa zarton hannu bai rasa matsayinsa ba a gaban na inji.

Ba kowane tsohon zarto ne ya cancanci wahalar gyara ba, don haka dubawa ita ce farko. Ana ɗaga shi a daidai ido a hango layin haƙoran daga gindi zuwa hanci, wato siririn ƙarshen da ya fi nisa da mariƙi, domin a ga ko ya miƙe. Lanƙwasa mai faɗi wadda ta bi tsawon ruwan a hankali tana gyaruwa, amma karyayyen lanƙwasa, wanda ƙarfen ya tanƙware a wuri guda saboda an danna zarton da ƙarfi ya maƙale a katako, yana da wuyar fita sarai. Tsatsa kuwa iri biyu ce a nan: wadda ta kwanta a sama ja-ja, wadda muninta ya fi cutarta yawa, da wadda ta huda ramuka a jikin ƙarfen. Ramukan da ke can tsakiyar ruwan ba su hana aiki, amma waɗanda ke kusa da haƙora sukan sa bakin haƙori ya ɓare duk lokacin da wasawa ta iso gare su. Ana kuma duba faɗin da ya rage, domin kowace wasawa tana cin wani abu daga ruwan, kuma zarton da hancinsa ya koma tsinke ya rasa ƙarfin da zai hana shi kaɗawa. Wani abin da ya bambanta zartuna masu daraja da na gama-gari shi ne yadda aka goge ruwansu a masana'anta ya fi kauri a wajen haƙora, ya riƙa sirancewa zuwa baya da kuma hanci, abin da yake rage gogayya da katako. Ana iya jin wannan bambanci da yatsu biyu, kuma yana da tasiri a kan yawan buɗin da zarton zai buƙata.

Aikin tsabtacewa yana farawa da cire mariƙi, wanda galibi notuna uku zuwa biyar na tagulla ne suke riƙe da shi, kuma ya kamata a ajiye kowanne a jere yadda aka ciro shi domin ya koma raminsa. Zartunan da suka girmi shekarun 1870 suna da wani irin noti mai tsaga biyu wanda sukurunsa siriri ne mai saurin karyewa, kuma in mariƙin bai girgiɗa ba barinsa ya fi cire shi. Ana shimfiɗa ruwan a kan miƙaƙƙen katako, a kankare kaurin tsatsar da reza a kwance, sannan a zuba kananzir a goge da sanfefa mai laushi wadda aka naɗe a jikin guntun katako mai shafaffen ciki, ana bin tsawon ruwan ba gicciye ba. Amfanin guntun katakon shi ne yana sa sanfefar ta ci tudu ta tsallake kwari, ta haka tambarin maƙeri, wanda da ruwan asid aka zana shi sama-sama a tsakiyar ruwan, yakan fito maimakon ya goge. Masu jiƙa zarto a ruwan tsami ko wani asid suna samun sauƙin aiki, sai dai ƙarfen yakan fito da launin toka da kaushi, tambarin ma yakan tafi. Abin da ya fi wannan illa shi ne injin gurza ƙarfe, domin zafinsa yana sassauta taurin ƙarfen a inda ya taɓa, kuma ba a iya mayar da shi. Ba ƙyalli ake nema ba. Ruwan da ya yi santsi a tafin hannu ya isa, ko da tabon shekaru yana nan a jikinsa.

Mariƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Na Ingila galibi da itacen bic aka yi su, Disston kuma ya yi amfani da itacen tuffa a zartunansa masu tsada. Tsagewa ana buɗa ta kaɗan a cusa gam a ɗaure, ɓallin da ya fita kuma a sassaƙa wani itace mai tauri a liƙa, sannan a shafe shi da mai ko kakin zuma. Abin lura a yanayi irin na Sahel shi ne itace yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, saboda haka notin da aka ɗaure tamau a watan Agusta zai iya yin sako-sako a Janairu, kuma zarton da ruwansa yake motsi a cikin mariƙi ba ya bin layi komai kyawun haƙoransa.

Miƙar da ruwa shi ne ɓangaren da ya fi haɗari. Lanƙwasa mai faɗi takan fita in aka tanƙwara ruwan da hannu zuwa ɗaya gefen a hankali, sau da yawa, ana dubawa. In sai da guduma, to, a kan shafaffen ƙarfe ko kututturen itace mai tauri ake yi, da ƙaramar guduma mai kumburarren baki, ana bugun gefen da ya tasa da sauƙi ƙwarai, domin kowane bugu yana shimfiɗa ƙarfen, kuma ƙarfen da ya shimfiɗu ba ya komawa. Maƙeran asali sun bar wani ɗauri a cikin ruwan ta hanyar bugu ko matsi, wanda shi ne yake sa siririn ƙarfe da bai kai milimita ɗaya ba ya tsaya ƙyam in ana tura shi, kuma bugun ganganci yana warware wannan ɗauri zarton ya koma laƙwas. Mai koyo ya fi dacewa ya yi gwajinsa a kan zarton da ba a jin asararsa.

Kafin magagari ya taɓa haƙori dole ne a san irin aikin da aka yi zarton dominsa. Itace tarin zaruruwa ne da suke bin tsawonsa, kuma yanka shi hanya biyu ce: tsagawa, wato bin zaren, da datsewa, wato gitta shi. Haƙorin zarton tsaga ƙaramin cizal ne mai miƙaƙƙen baki wanda yake fafe itacen a gabansa, shi ya sa ake wasa shi da magagari a gicciye daidai, ba karkata. Haƙorin zarton datsa kuwa wuƙa ne mai tsini, ɗaya yana yanka ta dama na bayansa ta hagu, su tsinka zaren a layuka biyu kafin abin da ke tsakani ya marmashe ya fita; in aka datse katako da zarton tsaga sai bakin yankan ya yi gashi ya ɓaɓɓalle, in kuma aka tsaga da na datsa sai aikin ya yi nawa. Yawan haƙora ana ƙidaya shi da adadin tsinin da ke cikin inci ɗaya, kuma galibi an buga lambar a gindin ruwan: zarton tsaga mai tsawon inci 26 yakan kasance da 5 zuwa 7, na datsa 8 zuwa 12, ƙananan zartuna masu ƙashin baya na tagulla ko ƙarfe, waɗanda ake yankan haɗin katako da su, sukan kai 12 zuwa 20. Haƙoran duk waɗannan suna fuskantar hanci ne domin a turawa suke ci, saɓanin zartunan Japan da na Masar ta dā waɗanda a jawowa suke yanka.

Kusurwa biyu ce take ba haƙori halinsa. Ta farko jingina ce, wato gwargwadon yadda fuskar haƙori ta kwanta baya daga tsaye. A zarton tsaga takan kasance daga sifiri zuwa digiri 8, kuma iya tsayuwar fuskar iya saurin cin katako da wuyar fara yanka; a zarton datsa takan kai digiri 12 zuwa 15. Ta biyu karkata ce, wato yadda ake juya magagari daga gicciye domin a fitar wa haƙori da bakin wuƙa, wadda babu ita a zarton tsaga, a na datsa kuma tana tsakanin digiri 15 da 25. Karkata mai yawa tana ba da yanka mai santsi a itace mai laushi amma tsinin yana saurin mutuwa, saboda haka mai aiki da maɗaci ko maɗobiya ko ƙirya ya fi amfana da karkata kaɗan. Kusurwa ta uku, wadda ke cikin kwarin da ke tsakanin haƙori da haƙori, ba a zaɓenta, domin magagarin zarto mai gefe uku ne kuma kowace kusurwarsa digiri 60 ce, sai ya zama bugu ɗaya yana wasa fuskar haƙori guda da bayan na gabansa a lokaci ɗaya. Wannan shi ne sirrin aikin duka, shi ne kuma tushen kurakuransa, tunda ba a taɓa haƙori ɗaya ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Magagarin zarto ya bambanta da sauran masu gefe uku da cewa kusurwoyinsa a ɗan dunƙule suke kuma suna da nasu haƙoran, domin su bar kwari mai zagayayyen ƙasa wanda tsagewa ba ta farawa daga gare shi. Girmansa kuma ana zaɓensa ne ta yadda faɗin fuskarsa zai ninka zurfin haƙori sau biyu ko ya ɗan ɗara, saboda in an juya shi kowace kusurwa ta samu sabon wuri. Magagarin da ya mutu yana ƙara mai tsinka kunne kuma goge ƙarfe yake yi maimakon ya ci, kuma tattalinsa asarar lokaci ce. Ana buƙatar shafaffen magagari mai laushi, da abin matse ruwan, wanda dogayen katakai biyu da aka ɗaure zarton a tsakaninsu sun wadatar, muddin haƙoran kaɗai ne suka leƙo sama, domin in ruwan ya fito da yawa rawa zai yi magagarin ya riƙa tsalle. Sai haske mai zuwa daga gefe, wanda ba don ƙawa ake neman sa ba, domin duk aikin da ido ake auna shi.

Mataki na farko, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne daidaita kawuna. Ana kwantar da shafaffen magagari a kan tsinin haƙoran, a riƙe shi da guntun katako domin kada ya karkata dama ko hagu, a tura shi daga gindi zuwa hanci da nauyi kaɗan, a maimaita har kowane haƙori ya samu ɗan fili mai ƙyalli a kansa. Mai kallo zai ɗauka ana ɓata zarton ne, tunda ana dakusar da shi da gangan, amma waɗannan filaye su ne kaɗai ma'aunin da mai wasawa yake da shi. Haƙorin da ya fi tsawo filinsa zai yi faɗi, gajere nasa zai zama ɗigo, wanda bai samu komai ba kuma yana ƙasa da layi, ba ya aikin komai. Zarton da ya shekara ana wasa shi ba daidaitawa yakan zama kamar gayyar noma da aka tara mutum hamsin amma biyar ne a duƙe: 'yan dogayen haƙoran su ne suke ɗaukar nauyin duka, su dakushe da wuri, zarton ya riƙa sarƙewa yana tsalle, mai shi kuma ya ƙara wasawa ya ƙara dagula lamarin. Sau da yawa layin yakan rame a tsakiya inda aiki ya fi yawa, alhali ana so ya miƙe ko ma ya ɗan tasa. In haƙori ɗaya ko biyu sun karye ba a cinye sauran domin a kamo su, ana barinsu ne, bayan wasawa ta gaba da ta gaba su taso da kansu su shiga layi.

Daga nan sai gyaran siffa, wanda manufarsa ita ce a mayar da haƙoran girma ɗaya da jingina ɗaya, kuma ana yin sa da magagari a gicciye ko da zarton na datsa ne. Domin jinginar ta tsaya iri ɗaya, ana huda ƙaramin guntun katako a soka tsinin magagarin a ciki bisa kusurwar da ake so, ta yadda in guntun yana kwance daidai, to kusurwar tana nan. A turawa kaɗai magagari yake ci, don haka ana ɗaga shi in za a dawo. Ƙa'idar ita ce kowane fili rabinsa ake ci daga kwarin gaba, rabi daga na baya, kuma a kowane kwari ana danna magagarin zuwa ga haƙorin da filinsa ya fi faɗi, a sassauta wa mai ƙaramin fili. Da zarar ƙyallin ya ɓace sai a tsaya, domin bugu ɗaya bayan wannan yana mayar da haƙorin ƙasa da 'yan'uwansa. Shawarar da aka saba bayarwa ta a yi wa kowane haƙori bugu uku ko huɗu daidai wa daida tana da amfani ga zarton da yake lafiya, amma ga wanda ya lalace cutarwa ce, saboda bugu iri ɗaya a kan haƙora mabambanta yana adana bambancin ne, har ya kai ga an samu babban haƙori da ƙarami suna bin juna a jere daga gindi har hanci. Shafa wa kawunan baƙin tawada kafin a fara yana taimakon ido ya san inda aka tsaya.

Buɗi shi ne lanƙwasa haƙora kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu, domin hanyar da zarto yake buɗewa a katako ta fi ruwansa faɗi, kada ya maƙale. Dabara ce tsohuwa wadda Rumawa ma sun san ta. Kashi ɗaya cikin uku na saman haƙori, ko rabi in ya yi yawa, shi ake lanƙwasawa, domin lanƙwasa daga tushe tana tsaga kwari ko ta murɗe ruwan, kuma kowane haƙori gefen da yake tun asali ake mayar da shi, tunda juya shi zuwa ɗaya gefen karya shi ne. Akwai na'urar hannu mai kama da filaya wadda aka yi domin wannan aiki, irin su Eclipse 77 ta Shafil da Stanley 42X ta Amurka, wadda take danna kowane haƙori gwargwado ɗaya. Kafin ita da tsagaggen ƙarfe ake yi ko da ƙaramar guduma. Murɗa sukurudireba ko ƙusa a tsakanin haƙora, kamar yadda ake gani a wuraren aiki da dama, yana buɗa zarto, amma ba ya buɗa shi daidai. Kuskuren da ya fi yawa a nan wuce gona da iri ne. Faɗin hanyar bai kamata ya wuce kaurin ruwan sau ɗaya da rabi ba, kuma wannan ma na ɗanyen itace ne mai jiƙa ko mai ƙaro; busasshen katako mai tauri ƙasa da haka yake so, zarto mai sirantaccen baya kuma ƙasa da hakan ma. Buɗi mai yawa yana sa a riƙa mayar da katako dusa ba gaira ba dalili, hannu ya gaji, ruwan kuma ya samu sararin yawo a cikin hanyarsa ya bar layi. Tsohon zarto da aka tsinta sau da yawa ragin buɗi yake buƙata, ba ƙari ba, kuma ana rage shi ta hanyar naɗe ruwan da takarda a matse layin haƙoran a tsakanin shafaffun ƙarafa biyu, kaurin takardar ya zama shi ne iyakar buɗin da zai rage.

Bayan buɗi ana sake shafa kawunan sau ɗaya da sauƙi, domin lanƙwasawa takan ɗan sauya tsayi, sannan a yi wasawar ƙarshe. A zarton tsaga ba ta da bambanci da gyaran siffa sai sauƙin hannu. A zarton datsa kuwa ana karkata magagari bisa kusurwar da aka zaɓa, a riƙa wasa kwari ɗaya ana tsallake ɗaya har ƙarshe, ana cin rabin kowane fili, sannan a juya zarton a bi waɗanda aka tsallake da karkata ta ɗaya gefen a cinye ragowar. Zana layukan kusurwar a kan katakon da ya matse ruwan yana hana hannu gocewa in gajiya ta zo. Tsofaffin ma'aikata suna da gwajin da suke yi wa zarton datsa, inda ake juya haƙoran sama a ɗan gangara zarton, a ɗora allura a cikin kwarin da ke tsakanin layukan tsini biyu, in ta sulale har hanci ba ta faɗi ba, to haƙoran sun daidaita.

Gwajin gaskiya dai a katako yake. Ana ja layi a bi shi da zarton ba tare da an danna ba, domin nauyinsa kaɗai ya isa in ya wasu, dusar zarton tsaga kuma takan fito da ɗan kauri maimakon gari. In zarton yana janyewa zuwa gefe guda duk da an riƙe shi daidai, alama ce buɗin wannan gefen ya fi yawa, kuma maganinsa shi ne a kwantar da ruwan a shafa dutsen wasawa mai laushi a gefen haƙoran na wannan ɓangare sau ɗaya, a sake gwadawa kafin a ƙara, tunda abin da dutse ya ci ba ya dawowa. In kuma yana maƙalewa bayan ya nutse inci biyu ko uku, to ko buɗin ya yi kaɗan ko itacen ne yake matsewa. Daɗewar kaifin ya danganta da abin da ake yankawa: itacen tik yana ɗauke da sinadarin yashi a jikinsa, iroko yakan ɓoye dunƙulen alli mai taurin dutse, katakon da aka yi zubin kankare da shi kuma, mai siminti da guntayen ƙusoshi, yana iya kashe aikin yini guda cikin minti ɗaya. Zarton da aka daidaita sau ɗaya da kyau, wasawarsa ta gaba shafar kawuna ce sau ɗaya da bugu ɗaya ko biyu a kowane kwari, muddin ba a bari ya mutu murus ba, kuma an riƙa shafa masa ɗan mai da damina.

Akwai zarton da haƙoransa suka lalace har gyaran siffa ba zai cece su ba alhali ruwansa lafiyayye ne. Irin wannan ana share haƙoran baki ɗaya da shafaffen magagari har bakin ya miƙe, a liƙa takarda mai layuka bisa tazarar da ake so, a yi wa kowane layi ɗan tsagi, sannan a bi su zagaye bayan zagaye ana zurfafawa kaɗan-kaɗan har filayen da ke tsakaninsu su ƙanƙance su zama tsini. Aikin yana cin magagari fiye da ɗaya a babban zarto, amma yana ba da damar sauya yawan haƙoran ko mayar da zarton datsa ya koma na tsaga. Ruwan da ya sirance har ya kasa ɗaukar sababbin haƙora kuwa ana yanka shi gunduwa-gunduwa a yi makankarar katako da shi, domin taurin ƙarfen zarto daidai yake da wanda ake so a wannan aiki.